Babi na Biyar: Lumana ko Tarzoma, Wacce ke Kawo Canji?

Duk lokacin da farashin man fetur ya tashi, ko wani shugaba ya kafe a kan kujera, muhawara ɗaya ce ke zagayawa daga teburin mai shayi har zuwa shirye-shiryen rediyo: shin masu mulki suna jin kira idan aka yi musu da lalama? Wasu kan ce gwamnati kurma ce, ba ta waiwayowa sai ta hango hayaƙi. Wasu kuma kan ce duk wanda ya kunna wuta a gari, rumfar talaka ɗan'uwansa ce za ta fara ci. Kowane ɓangare yana da misalan da yake kafa hujja da su, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Hanyar raba ta ita ce a duba abin da ya faru a ƙasashe da yawa cikin shekaru da yawa, sannan a nemi dalilin faruwarsa. Idan aka yi haka, za a ga cewa gwagwarmayar lumana mai tsari ta fi ɗaukar makami kai mutane ga biyan buƙata, kuma sirrin hakan yana cikin yadda mulki kansa yake tsayuwa.

Abin da ƙidaya ta nuna

A shekarar 2011 wasu masana kimiyyar siyasa biyu 'yan Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, suka wallafa littafi a kan wannan tambaya. Sun tattara manyan gwagwarmayoyi 323 da aka yi a duniya daga 1900 zuwa 2006, waɗanda burinsu ya kasance kifar da gwamnati, ko korar 'yan mamaya, ko ɓallewa daga ƙasa. Suka ware waɗanda aka yi da makami daga waɗanda aka yi da yajin aiki da maci da ƙaurace wa hukuma, suka ƙidaya nawa ne suka kai gaci. Na lumana sun yi nasara a kusan kashi 53 cikin ɗari, na makami kuwa kusan kashi 26. Wato lumana ta ninka makami. Ita Chenoweth da kanta ta shiga binciken tana kyautata zaton bindiga ce za ta rinjaya, alƙaluman ne suka sauya mata ra'ayi. Sun kuma gano cewa ƙasar da aka sauya gwamnatinta ta hanyar lumana ta fi samun dimokuraɗiyya bayan wasu shekaru, kuma ba ta cika komawa yaƙin basasa ba kamar wadda aka ƙwata da bakin bindiga. Wannan ƙidaya ba ta ce lumana ba ta faɗuwa ba, domin kusan rabin gwagwarmayoyin ba su kai ga cikakkiyar nasara ba. Abin da ta nuna shi ne, idan hanya biyu ce a gaban jama'a, ɗaya ta fi ɗaya kai matafiyi gida.

Ina ƙarfin mai mulki yake?

Shugaba mutum ɗaya ne, hannu biyu gare shi kamar kowa. Ba shi ke karɓar haraji a kasuwa ba, ba shi ke tuƙa tankar mai ba, ba shi ke kunna injin wutar lantarki ko riƙe makullin gidan yari ba. Umarninsa yana zama aiki ne saboda dubban mutane suna tashi kullum su aiwatar da shi: soja da ɗan sanda, akawu da alƙali, direba da ma'aikacin banki. Mulki kamar rumfar kasuwa yake, komai faɗin rufinta a kan dirkoki take tsaye, kuma idan dirkokin suka janye ɗaya bayan ɗaya, rufin zai sauko ko ba a taɓa shi ba. Gwagwarmayar lumana ita ce dabarar janye waɗannan dirkoki. Maci a kan titi ɓangare ne kaɗai na aikin, kuma sau da yawa ba shi ne mafi nauyi ba.

Birnin Montgomery na Amurka ya nuna haka. A ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata mai sana'ar ɗinki, saboda ta ƙi tashi ta bai wa farar fata kujerarta a motar bas. Baƙaƙen garin, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji, suka daina hawa bas ɗin gaba ɗaya. Kwana 381 suna takawa da ƙafa zuwa wuraren aiki, masu motoci kuma suka tsara ɗaukar 'yan'uwansu bi da bi. Kamfanin ya yi ta asara, shari'a ta kai Kotun Ƙoli, aka soke dokar wariya a cikin motocin. A Nijeriya ma an ga irin wannan a Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. An cika tituna a Legas da Kano da Kaduna da Abuja, amma abin da ya fi matsa wa gwamnati shi ne yajin aikin da ƙungiyoyin ƙwadago suka fara ranar 9 ga wata, wanda ya rufe bankuna da kasuwanni da filayen jirgin sama, ga kuma barazanar ma'aikatan mai ta dakatar da haƙowa. Ranar 16 ga wata aka sauko da farashi zuwa naira 97. Ba a samu duk abin da aka nema ba, amma an ga inda gwamnati take jin ciwo.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi

Tawaye da makami yana da ƙunƙuntar ƙofa. Wanda zai shiga sai ya kasance mai jini a jika, ya yarda ya bar iyalinsa ya shiga daji, ya kuma yarda ya kashe. Mutane kaɗan ne a kowace al'umma za su cika waɗannan sharuɗɗa. Ƙofar lumana kuwa a buɗe take ga tsohuwa mai sayar da ƙosai da malamin makaranta da liman da likita da ɗan kasuwa. Kowa yana da abin da zai iya: wani ya rufe shago, wani ya zauna a gida, wata ta dafa wa masu zaman dirshan abinci. Wannan ne ya sa a binciken da aka ambata, 20 daga cikin gwagwarmayoyi 25 mafi yawan jama'a na lumana ne. A Indiya, Gandhi ya gane wannan lokacin da ya zaɓi gishiri, abin da babu tukunyar da ba ta buƙata, ya zama abin da zai kara da Turawan Ingila a kansa. A ranar 12 ga Maris 1930 ya tashi da mutum 78, suka yi tafiyar kusan kilomita 385 zuwa bakin teku a Dandi, ya ɗebi gishiri don karya dokar da ta ba gwamnati ita kaɗai ikon haɗa shi da sayar da shi. Kafin shekara ta ƙare an ɗaure mutane wajen 60,000, domin laifin da ya ƙirƙiro laifi ne da kowace mace a ƙauye za ta iya aikatawa a madafarta.

Yawa yana da wani amfani da ya fi cika fili. Idan taro ya kai wani matsayi, sojan da aka ba umarnin harbi ya san akwai yiwuwar ƙanwarsa ko malaminsa na cikin mutanen da ke gabansa. Shi ma kwamandansa yakan fara lissafin makomarsa idan gwamnatin ta faɗi. A Filifin, a Fabrairun 1986, bayan zaɓen da Ferdinand Marcos ya yi maguɗi, ministan tsaro da wani babban janar suka juya masa baya, dubban ɗaruruwan mutane kuma suka cika wata babbar hanya a Manila don ba su kariya. Tankokin yaƙi suka zo suka tarar da mata masu hidimar coci a durƙushe suna addu'a, sojoji suka ƙi ratsa su. Cikin kwana huɗu mutumin da ya mulki ƙasar tun 1965 ya tsere zuwa Hawai. Da harsashi ne ya fito daga cikin taron nan, da sojan ba shi da wani tunani sai na kare ransa da na abokan aikinsa. Harbi yana haɗa kan sojoji, rashinsa yana ba su sararin yin shakka.

Darasin Sudan

Sudan ta gwada hanyoyin biyu a kan mutum ɗaya, don haka misalinta ya fi kowanne fitowa fili. Umar al-Bashir ya hau mulki ta juyin mulki a 1989. Daga 2003 'yan tawayen Darfur suka ɗauki makami, har a watan Mayun 2008 wata ƙungiyarsu ta kai hari Omdurman, tsallaken kogi daga Khartum, aka fatattake ta. Yaƙin ya ci dubban ɗaruruwan rayuka, ya raba miliyoyi da gidajensu, al-Bashir kuma yana nan daram. A Disambar 2018 aka ninka farashin burodi sau uku, mutanen Atbara suka fito, zanga-zanga ta bazu a ƙasa ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar likitoci da injiniyoyi da malamai da sauran ƙwararru, kalmar da suka riƙe a baki kuwa ita ce silmiyya, wato lumana. Ranar 6 ga Afrilun 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja. Da jami'an tsaron gwamnati suka zo tarwatsa su da dare, wasu ƙananan sojoji ne suka tare musu. Ranar 11 ga Afrilu manyan hafsoshi suka sauke al-Bashir. Abin da bindiga ta kasa a shekara 16, fararen hula sun yi shi cikin wata huɗu, kamar yadda iyayensu suka kawar da Janar Ibrahim Abbud a 1964 da Jafar Numeiri a 1985. Abin da ya biyo baya kuma darasi ne na daban: kisan mutane fiye da 100 a wurin zaman dirshan ranar 3 ga Yuni, juyin mulkin Oktoban 2021, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 tsakanin janar-janar biyu. Lumana ta iya kawar da shugaba, amma ta bar dirkokin da ya kafa da makamansu a hannu.

Wa ke cin ribar dutsen farko?

Wanda zai yi kokawa da kada bai kamata ya bi shi cikin ruwa ba. Gwamnati ta fi kowa bindiga da horo da kuɗin sayen harsashi, saboda haka duk wanda ya mayar da rigima fagen ƙarfi ya kai ta inda abokin karawarsa ya fi shi. Ban da wannan, akwai mutanen tsakiya, waɗanda ba su fito ba kuma ba sa goyon bayan gwamnati, kuma su ne yawanci ke yanke hukunci. Idan suka ga ana dukan wanda bai ɗaga hannu ba, zuciyarsu takan koma gare shi. A 1963 hotunan 'yan sandan Birmingham suna sakar wa yara baƙaƙe karnuka da ruwan kashe gobara sun girgiza Amurka, kuma a 1964 aka kafa dokar kare haƙƙin jama'a da ta haramta wariya. A Nijar, harbin da aka yi wa ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 ya tunzura ƙungiyoyin ƙwadago da sauran jama'a, yajin aiki ya biyo baya, gwamnatin Janar Ali Saibu ta amince da jam'iyyu da yawa, aka buɗe Babban Taron Ƙasa a Yulin 1991. Idan kuwa mutanen tsakiyar nan suka ga shaguna na ci da wuta, tsoro ne ke kama su, su koma neman wanda zai dawo da doka. Wani masani mai suna Omar Wasow ya bi diddigin ƙuri'un Amurka, ya gano cewa tarzomar da ta biyo bayan kisan jagoran baƙaƙe Martin Luther King a Afrilun 1968 ta tura fararen fata na yankunan da ke kusa zuwa ga Richard Nixon, wanda ya yi kamfe da alƙawarin murƙushe masu tada zaune tsaye.

Ba sai an je nesa ba. A ranar 1 ga Agustan 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a Nijeriya, kuma kukan da aka fito da shi na gaskiya ne, domin kowa ya san farashin kwanon masara. Amma a Kano tun ranar farko ɓata-gari suka fasa wurare suka kwashi kaya, aka sa dokar hana fita ta awa 24, jami'an tsaro suka yi harbi, aka rasa rayuka. Washegari maganar da ke bakin mutane ta tashi daga yunwa ta koma kan sata da kame. Wannan ne ya sa gwamnatoci da yawa kan so a jefi dutsen farko, har wasu kan cusa 'yan daba cikin taro don su jefa. Gandhi ya san haka. A Fabrairun 1922, da masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura suka kashe 'yan sanda 22, sai ya dakatar da gwagwarmayar a faɗin Indiya, ko da yake manyan abokan tafiyarsa sun ji haushin hakan ƙwarai.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce lumana tana aiki ne kawai a kan abokin gaba mai kunya, irin Turawan Ingila. Wanda ya san tarihin Satiru, garin da ke kusa da Sakkwato da Turawa suka shafe a 1906 suka kashe mutane wajen 2,000, ba zai kira su masu kunya ba, haka ma wanda ya san kisan ɗaruruwan mutane a Amritsar ta Indiya a 1919. Sarkin Iran yana da ɗaya daga cikin manyan rundunonin yankinsa da 'yan sandan ciki masu azabtarwa, amma maci da yajin aikin ma'aikatan mai ne suka fitar da shi daga ƙasar a Janairun 1979. Duk da haka hujjar tana da ƙamshin gaskiya. A dandalin Tiyananmen na Sin a 1989 an harbe masu zanga-zanga, gwamnati kuma ta zauna, saboda sojojinta ba su rabu ba. A Bahrain a 2011 jama'a sun fito da yawan gaske, aka kawo sojoji daga Saudiyya da 'yan sanda daga Daular Larabawa, aka murƙushe su, domin baƙon soja ba shi da ƙanwa a cikin taro. Ita Chenoweth ma ta nuna cewa daga 2010 nasarar gwagwarmayar lumana ta ragu, gwamnatoci sun koyi katse intanet da kama jagorori tun kafin a fito. Sai dai a wannan lokacin nasarar masu makami ta fi raguwa.

Hujja ta biyu ita ce akwai ƙasashen da makami ne ya 'yanta su. Gaskiya ne. Aljeriya ta kori Faransa bayan yaƙin 1954 zuwa 1962, kuma 'yan tawaye ne suka kawar da Bashar al-Assad na Siriya a Disambar 2024. Abin tambaya shi ne nawa aka biya. Aljeriya ta binne dubban ɗaruruwan 'ya'yanta, ta faɗa hannun jam'iyya ɗaya da sojoji, ta sake shiga yaƙin basasa a shekarun 1990, kuma da jama'arta suka tashi kawar da Abdul'aziz Bouteflika a 2019, macin lumana na kowace Juma'a suka zaɓa. Siriya ta shafe fiye da shekara 13 tana yaƙi, sama da rabin mutanenta suka bar gidajensu. Wanda ya ƙwaci mulki da bindiga ba ya saurin ajiye ta, kuma ƙungiyar da ta saba da bin umarnin kwamanda ba ta iya sauraron 'yan adawa.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi: cewa masu mulki suna sasantawa da masu lumana ne don tsoron masu makami da ke bayansu. Ana kafa misali da Afirka ta Kudu, inda bayan kisan mutum 69 a Sharpeville a 1960 jam'iyyar ANC mai adawa da gwamnatin wariya ta kafa reshen soja a 1961, Nelson Mandela na cikin jagororinsa. Ba za a musa cewa reshen ya ƙarfafa gwiwar matasa ba, amma bai taɓa kusantar cin sojojin gwamnatin wariya da yaƙi ba. Abin da ya durƙusar da ita a shekarun 1980 shi ne ƙaurace wa shagunan fararen fata, da ƙin biyan kuɗin haya a unguwannin baƙaƙe irin Soweto, da yajin aikin ma'aikatan ma'adinai wajen 300,000 a 1987, da takunkumin ƙasashen waje, da bankunan duniya da suka ƙi sabunta mata bashi a 1985. Tattalin arzikin ƙasar a kan gumin baƙaƙe yake tsaye, da suka fara janye shi sai aka saki Mandela a Fabrairun 1990, aka yi zaɓe a Afrilun 1994.

Hukuncin da za a iya yankewa

Idan aka haɗa waɗannan duka, lumana ta fi makami yawan nasara, ta fi shi sauƙin asara, kuma ƙasar da take bari a baya ta fi zaunuwa. Amma lumanar da ake nufi ba ta fitowar rana ɗaya a yi ihu a watse ba ce. Mutanen Montgomery sun yi fiye da shekara suna tafiya a ƙasa saboda akwai masu tsara motoci da masu tara kuɗi da masu zuwa kotu. 'Yan Sudan sun jure wata huɗu saboda akwai kwamitoci a unguwanni da ƙungiyar da kowa ya yarda da sanarwarta. Ana buƙatar buƙata ƙwaya ɗaya da kowa zai iya faɗa, da jagorancin da zai iya cewa a fito ya kuma iya cewa a koma, da masu tsaron taro da za su riƙe hannun yaron da ya sunkuya ɗaukar dutse, da shirin abin da za a yi washegarin nasara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda ake gina irin wannan tsari tun kafin tura ta kai bango, daga ƙungiyar unguwa zuwa ta ƙwadago, da dalilin da ya sa wasu tafiye-tafiyen ke wargajewa bayan sun yi nasara, shi ne abin da babi na gaba zai duba.